Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Kalmomin Turanci Masu Rikitarwa

A Hausa kalmar fulawa tana ɗauke da ma'ana biyu. Ita ce garin alkamar da ake yin burodi da fanke da shi, ita ce kuma furen ado da ake shukawa a ƙofar gida ko a zana a jikin zane. Ranar da ɗalibi ya fara zama ajin Turanci sai malami ya ja masa kunne cewa *flour* daban, *flower* daban, kuma wanda ya musanya su a takardar jarrabawa ya yi asarar maki. Malam ya yi gaskiya. Sai dai Bahaushen da ya haɗa su a baki ɗaya shi ma bai yi ɓatan kai ba, domin asalinsu kalma ɗaya ce da Turanci ya aro daga Faransanci. Mafi laushin gari, wanda aka tankaɗe aka fitar da tsakinsa, shi ake kira furen gari, wato zaɓaɓɓensa. Har a shekarar 1755, lokacin da Samuel Johnson ya fitar da mashahurin ƙamusunsa, bai raba su ba, a ƙarƙashin kalma ɗaya ya zuba ma'anonin biyu.

Ruwa ba ya tsami banza. Kusan duk wasu tagwayen kalmomi da ke yi wa mai koyon Turanci tarko suna da labari irin wannan a bayansu: ko dai kalma ɗaya ce ta shigo harshen sau biyu ta hanyoyi daban, ko kalmomi biyu ne da furucinsu ya haɗe alhali rubutunsu ya tsaya inda yake, ko kuma kalma guda ce aka tsaga ta biyu. Wanda ya haddace jerin kalmomin kawai yakan manta bayan jarrabawa. Wanda ya san ta inda suka biyo ya fi riƙe su.

Tushen harshen ba a tsibirin Birtaniya yake ba. A ƙarni na 5 ne wasu ƙabilu uku, Angul da Sakson da Jut, suka ƙetaro teku daga yankunan da a yau ke arewacin Jamus da Denmak, bayan Rumawa sun janye daga tsibirin. Daga sunan Angul aka sami Ingila da Ingilishi. Kalmomin da mutum ya fi buƙata daga wayewar gari zuwa faɗuwar rana nasu ne: *house*, *bread*, *water*, *mother*, *eat*, *drink*, *sleep*. Gajeru ne, kuma su ne ƙashin bayan magana har gobe. A shekarar 597 masu wa'azin Kirista suka iso Kent daga Rum ƙarƙashin jagorancin Augustine, suka zo da Latin, harshen coci da karatu, tare da haruffan da ake rubuta Turanci da su yanzu.

Baƙi na gaba ba da littafi suka zo ba. A 793 mayaƙan teku daga ƙasashen arewa, waɗanda ake kira Viking, suka afka wa gidan ibada na tsibirin Lindisfarne. Hare-hare suka koma mamaya, mamaya ta koma zama. Bayan da Sarki Alfred na Wessex ya ci su da yaƙi a Edington a 878, aka yi sulhu, gabas da arewacin Ingila suka kasance ƙarƙashin dokarsu. Harshensu ɗan'uwan Turanci ne na kusa, kamar yadda Basakkwace da Bakano ke fahimtar juna ko da kowa na jin baƙon lafazi a bakin ɗaya. Saboda haka aron da aka yi bai tsaya kan sunayen kaya ba. Ya kai har ga wakilan suna, abin da harsuna ba su cika arowa ba: *they*, *them* da *their* duk na baƙin ne. Haka *sky*, *skin*, *knife*, *take* da *window*, wadda ma'anarta ta asali ita ce idon iska.

A nan tagwaye na farko suka bayyana. Mutanen ƙasa suna furta wani sauti da "sh", baƙi suna furta shi da "sk". Sunan wata gajeriyar riga sai ya zauna a siffa biyu, *shirt* da *skirt*, daga baya kowace ta kama ɓangarenta na jiki. Hausa ta ari duka biyun, ga shat ga siket, ba tare da sanin cewa uwarsu ɗaya ba. *Loose*, wato sako-sako, ita ma ta baƙin arewa ce, alhali *lose*, wato yin asara, ta gida ce. Wasali ɗaya ne tsakaninsu a rubuce, kuma ko ƴan asalin harshen suna tuntuɓe a kansu kullum.

Babbar girgiza ta zo ranar 14 ga Oktoba, 1066. William, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya kashe Sarki Harold a yaƙin Hastings, aka naɗa shi sarkin Ingila ranar Kirsimeti ta wannan shekara. Ya raba ƙasa ga mutanensa, ya cika manyan muƙaman coci da su. Daga nan har kusan shekara ɗari uku Faransanci ne harshen fada da kotu da manyan gidaje, Latin na malamai, Turanci kuwa ya koma bakin manoma da barori. Bai mutu ba, domin masu shi sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma lokacin da ya sake hawa gadon mulki ya riga ya haɗiye dubban kalmomin iyayen gijinsa: *court*, *judge*, *prison*, *tax*, *army*, *government*. Asarar Normandi a 1204 ta sa manyan Ingila suka fara ɗaukar kansu Ingilishi. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Turanci a kotuna, kuma abin dariya, da Faransanci aka rubuta dokar.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na dabba da namanta. Dabbar da ke garke sunanta na Turancin asali ne, *cow*, *calf*, *sheep*. Idan ta iso akushi sai ta koma Faransanci, *beef*, *veal*, *mutton*. An saba fassara wannan da cewa talaka ke kiwo, basarake ke ci. Bayanin yana da daɗin ji, kuma marubuci Walter Scott ne ya yaɗa shi a littafinsa Ivanhoe na 1819, amma rabuwar ba ta kammala dare ɗaya ba, ta ɗauki ƙarnoni kafin kowace kalma ta tsaya a matsayinta. Abin da ya fi amfani ga ɗalibi shi ne lura da cewa Turanci ya zama harshe mai hawa-hawa. Ga *ask* ta gida, ga *question* ta Faransanci, ga *interrogate* ta Latin. Ma'anarsu ta yi kusa, wurin amfaninsu ya bambanta: aboki yana yin ta farko, ɗan sanda yana yin ta ƙarshe. Mai nazarin Hausa ya san irin wannan, tun da ba a ce malami ya mutu kamar yadda ake faɗa wa akuya, sai a ce ya rasu, ko a ɗauko Larabci a ce ya yi wafati. Ƙamus zai ba ka ma'ana ɗaya ga ukun, amma zaɓen wadda ta dace da wuri shi ne sanin harshe.

Faransancin ma ba iri ɗaya ya shigo ba. Normawa suna da karin harshensu, mutanen Faris suna da nasu, kuma Turanci ya ari wasu kalmomin daga kowanne. Inda Banorme ya ce "w", mutumin Faris ya ce "g", shi ya sa ake da *warden* da *guardian*, da kuma *warranty* da *guarantee*. Haka *catch* da *chase*: tushensu ɗaya, amma ta farko ta zama kamawa, ta biyu ta zama kora.

Wannan babi ya fi shafar ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci, a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa ko Njamena, sannan ya juyo ga Turanci. Da farko yakan ji kamar ya tsinci dami a kala, domin rabin shafin ya san shi. Amma kalmar da ta ƙetare teku shekara ɗari bakwai da suka wuce ta yi rayuwarta a can, ƴar'uwarta da ta zauna gida ita ma ta yi tata. *Journée* a Faransanci yini ne. A Ingila an yi amfani da ita ga tafiyar yini guda, sannu a hankali yinin ya faɗi, tafiyar ta rage, *journey* ta zama kowace irin tafiya ko da ta wata uku ce. *Librairie* kantin sayar da littattafai ne, *library* kuwa ɗakin karatu. *Demander* roƙo ne ko tambaya cikin ladabi, amma wanda ya rubuta wa shugaban makaranta *I demand* ya yi masa tsawa ne, ba roƙo ba. *Actuellement* tana nufin a halin yanzu, *actually* tana nufin a gaskiya. *Attendre* jira ne, *attend* halarta. *Magasin* da *magazine* kuwa daga Larabci duka suka fito, daga kalmar da ke nufin rumbunan ajiya. A 1731 wani mai ɗab'i a Landan, Edward Cave, ya sa wa mujallarsa wannan suna don nuna cewa rumbun labarai ce, sunan ya bi mujallu har yau, alhali a Faransanci kalmar farko tana nan a kan kanti da sito. A ganina waɗannan sun fi kowane irin tarko haɗari, domin mai kuskuren ba ya jin ya yi kuskure. Kalmar da ba ka sani ba za ka duba ƙamus. Wadda kake zaton ka sani ita ke kai ka ƙasa.

Sai batun rubutu, wanda shi ne kukan kowa. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, a Westminster. Ya tarar da harshe mai kare-kare da yawa, babu tsayayyar ƙa'idar rubutu. A gabatarwar wani littafi da ya buga a 1490 ya ba da labarin wasu fatake da iska ta tsayar da jirginsu a bakin kogin Tems, suka sauka neman abinci. Ɗayansu ya tambayi wata mata ƙwai da kalmar arewa, *egges*. Matar ta ce ita ba ta jin Faransanci. Mutumin ya fusata, domin shi ma bai iya Faransancin ba. Sai da wani ya faɗi kalmar kudu, *eyren*, sannan ta gane. Caxton ya yi kukan cewa bai san wadda zai zaɓa ya buga ba. Ta arewa ce ta ci, wadda ita ma gadon Viking ce.

Masu ɗab'i sun daidaita rubutu a hankali, kuma da hakan ya zo a lokacin da furuci ke zaune da an huta. Amma ya faɗo daidai tsakiyar wani gagarumin sauyi. Tsakanin wajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Turanci duka suka gusa daga wurarensu, abin da masanin harshe ɗan Denmak, Otto Jespersen, ya yi wa laƙabi da babbar ƙaurar wasula. A zamanin mawaƙi Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ana furta *time* da dogon "i", *house* da dogon "u", *name* da dogon "a". Wato yaron da ya karanta *name* yadda yake karanta boko, ya ja "a" ɗin kamar ta nama, ya fi malaminsa kusa da lafazin Chaucer. Harafi ya tsaya, sauti ya yi gaba. Wasula biyu da a da kunne ke rarrabewa suka narke suka zama ɗaya, sai *meet* da *meat*, *see* da *sea*, *week* da *weak* suka koma sauti guda da rubutu biyu. Ƴan kaɗan suka ƙi bin ayari, shi ya sa *great*, *break* da *steak* ba sa amsa-amo da *meat* ko da yake harufansu sun yi kama.

Baƙaƙe ma sun zube. A da ana furta "k" ɗin *knight* da *knife* da *know*, kuma "gh" sauti ne na maƙogwaro mai kama da "kh" na Larabci. Da suka faɗi daga baki, jarumin doki da dare suka zama abu ɗaya a kunne, *knight* da *night*. Haka *write* da *right*. Haruffan da ɗalibi ke gani kamar an zuba su don mugunta, kaburburan sautuka ne da aka daina furtawa.

Wasu kuwa ba a taɓa furta su ba. A ƙarni na 15 da na 16 malamai masu ƙaunar Latin suka ga ya kamata kalma ta nuna asalinta a fuska. *Dette* da *doute* sun shigo daga Faransanci babu "b", aka cusa musu ita don tunawa da kakanninsu na Latin, suka zama *debt* da *doubt*. A kan *island* ma kuskure suka yi: kalmar ta Turancin asali ce, ba ta da dangantaka da ta Latin ɗin da suka zata, amma "s" ɗin da aka liƙa mata ta zauna daram. A wannan zamani ne kuma aka kwaso kalmomin Latin da yawa masu bambancin ɗafa-goshi kawai. Wanda ya riƙe cewa "ex" fita ce, "ad" kuwa nufa ce zuwa ga abu, ya sami mabuɗin *except* da *accept*, da *effect* da *affect*: na farko sakamakon da ya fito, na biyu taɓa abu har ya sauya.

Kashi na uku su ne irin fulawa, kalma ɗaya da aka raba. *Then* da *than* ɗaya suke har wajen 1700. *Too* ita ce *to* da aka ƙarfafa, *off* kuma *of* ce da aka ƙarfafa. *Stationary*, abin da ke tsaye wuri ɗaya, da *stationery*, kayan rubutu, sun haɗu a kan ɗan kasuwar da ke da rumfa tsayayya maimakon yawon talla. A garuruwan jami'a irin waɗannan masu rumfa littattafai da takardu suke sayarwa, har ƙungiyarsu ta Landan ta sami takardar izinin sarauta a 1557.

Salon magana, wato jimlolin da ma'anarsu ba ta cikin kalmominsu, nasu tarihin ya fi wuyar bi, kuma an ƙaga tatsuniyoyi da yawa a kansu waɗanda ba su da madogara. Amma akwai masu takarda a hannu. Idan aka ce uba ya yi wa ɗansa *read the riot act*, ana nufin ya yi masa kashedi mai tsanani. Dokar tarzoma ce ta 1714: idan mutum goma sha biyu ko fiye suka taru suna hargitsi, sai mahukunci ya karanta musu shela, wanda bai watse ba cikin awa ɗaya ya shiga babban laifi. *Deadline*, wa'adin gama aiki, a yaƙin basasar Amurka layi ne a sansanin fursunoni wanda duk ya ƙetare shi za a harbe shi. *Boycott* sunan mutum ne, Charles Boycott, wakilin wani mai gonaki a Ailan, wanda jama'a suka ƙaurace wa a 1880, ba mai yi masa aiki, ba mai sayar masa da kaya. *Know the ropes* ta fito daga jiragen ruwa masu filafilai, inda sabon ma'aikaci sai ya san igiyoyi kafin a ce ya iya aiki. Fassara irin waɗannan kalma da kalma ɓata lokaci ne, kamar Baturen da ya ji an ce wane ya sha kashi, ko ya ci amana, ya tsaya neman abin da aka sha da abin da aka ci.

Masu ƙamus sun zo daga baya suna ƙoƙarin shinge abin da ya riga ya bazu. Johnson ya tattara kalmomi sama da 42,000. A Amurka Noah Webster ya fitar da nasa a 1828, ya kuma tabbatar da rubutu irin *color* da *center* inda Ingila ke da *colour* da *centre*, ya ƙara wa ɗalibin duniya wani abin lura. Babban ƙamusun Oxford, wanda ya ɗauki aikin bin kowace kalma daga farkon bayyanarta a rubuce, ya fara fitowa a 1884 ƙarƙashin James Murray, bai kammala ba sai 1928, shekara goma sha uku bayan rasuwarsa.

Akwai ruɗanin da ba daga Hastings ko Westminster ya taso ba, daga harshenmu yake. Hausa tana da aikatau ɗaya, ji, inda Turanci ke da *hear*, *feel*, *smell* da *understand*, shi ya sa ɗalibi kan ce ya *hear* wari. Muna cewa na ari littafi, muna kuma cewa ara mini littafi, tushe ɗaya da sauyin siffa, alhali Turanci ya raba *borrow* ga mai karɓa, *lend* ga mai bayarwa. A gefe guda mu ma muna da rabon da su ba su da shi, tsakanin aro, inda abin da aka karɓa shi za a mayar, da rance, inda madadinsa ake biya. Koya da koyar su ma haka suke da *learn* da *teach*, ko da yake a nan ɗalibi yana da abokan kuskure masu daraja, domin a zamanin Shakespeare ana amfani da *learn* da ma'anar koyarwa, sai daga baya masu nahawu suka hana.

Harshen bai daina aro ba, kuma yanzu Afirka ta Yamma na cikin masu ba shi. A watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da salon magana 29 daga Turancin Nijeriya. A cikinsu akwai *Kannywood*, da *next tomorrow*, wato jibi, da *to eat money*, wadda duk mai jin Hausa zai gane cin kuɗi ce ta sa rigar Turanci. *Borrow me* dai ba ta cikin jerin, kuma mai duba takardar jarrabawa zai ci gaba da ja mata jan layi.